Silinda Shida, Shanu Biyu

"Lahiya lau, Amarya. Ina gajiya?"

"Gajiya tana wurin shanun Jaji, maigida. Su za ka yi ma sannu."

Sirajo ya durƙusa a bakin tabarmar kakarsa Tasalla, babbar rigarsa ta shadda ta jiƙe sharkaf da zufa, ya rasa inda zai sa idonsa. A ƙofar gida, nan tsakiyar garin Zurmi, sabuwar Marsandinsa ce tsaye da igiya a hanci. Bijiman huɗa guda biyu na wani manomi, Jaji, suna tuƙa a gabanta, rabin unguwa kuma sun kewaye ta suna kallo.

Shekara huɗu ke nan da aka yanke jihar Zamfara, kasuwa ta buɗe wa Sirajo, don shi ke kai gero da dawa makarantun kwana daga Kaura Namoda. Makon jiya dillali Ɗanasabe ya nuna masa motoci biyu 'yan Kwatano, launi ɗaya, kujeru iri ɗaya, sai dai injin ɗaya silinda huɗu ne, na ɗayar shida. Ya zo ya yi shawara da tsohuwar, ta ce ya ɗauki mai ƙaramin ciki tunda mai ya yi wuya. Ya yi mata dariya, ya koma ya ɗauki babbar.

Yau kuwa alkawari ya yi zai zo da hantsi ya tafi da ita. Gobe ne sunan 'yarsa ta fari a Kaura, kuma sunan kakar na yanka, Ramatu, za a raɗa mata. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a mata suka daina hawan baburan kabu-kabu, motar hayar mata kuma ba kullum ake dace da ita ba. Shi kaɗai ta dogara da shi. Ga shi har an sallame la'asar.

"Ba lalacewa ta yi ba fa," in ji shi. "Hutawa take yi."

"Awo? Ni kau na ɗauka kiwo ka kai ta. Na ji ihu, na leƙa, sai ga angona kwance cikin mota, shanu na jan shi kamar buhun taki."

"Ba kwance nake ba. Hulata ce ta faɗi, nake nema."

"Tun daga bakin gada har ƙofar gida kana neman hula?"

"Ke mi kika sani ga mota? Tsohuwar da ta girmi jirgin ƙasan Kaura! Injin nan ƙarfin doki ɗari da tamanin gare shi."

"Doki ɗari da tamanin! To ina sunka shiga har shanu biyu sunka ɗauke musu aiki? Ko guda ban ji ya yi haniniya ba."

"Mai ne ya ƙare. Gidajen mai duk a rufe, 'yan bumburutu ma ba su da ko kwalba."

"Na ce maka mai ƙaramin ciki, ka ce wannan ta malaman makaranta ce. Ga shi ka auro mashayiya. Ka ɓoye ta, ɗan nan, zamanin Shari'a ne. In anka ji irin shan da take yi, bulala tamanin za a zuba mata."

"In alƙali kike so, mu je. Sai ki faɗa mashi inda kika kai haƙoranki. Talatin da biyu Allah ya ba ki amana, saura uku."

"Huɗu, ja'iri. Kuma kullum suna kai ni inda za ni, ba a taɓa jan su da igiya ba."

"Ki dai yi haƙuri ki mutu mu ci gumba, kin ishi kowa."

"Wa zai kawo ka wurin cin gumbar? Jaji?"

Ya buɗe baki zai rama, ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya. Yalwa maƙwabciyata ta dawo daga kasuwar Shinkafi tun azahar. Ta ce ta ga wata baƙar mota ta zagaya kasuwa sau uku, gilashi a sauke, mai ita yana taka ta tana ruri don 'yan hatsi su waiwayo. Ta ce mutumin kamarku ɗaya. Na ce a'a, nawa mijin yana bisa hanyar Zurmi."

Nan asirin Sirajo ya tonu. Kwana biyu ya yi a layi kafin ya samu galan huɗu, wanda zai kai shi Zurmi ya dawo da shi har da saura. Da safe ya murza makulli, ya ji yadda injin ya amsa, zuciyarsa ta ce masa ai yau Alhamis, duk abokan sana'arsa suna Shinkafi, awa ɗaya ce kawai. Can man ya tafi.

Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya sauka a kan abin da bai lura da shi ba tun shigowarsa. Sabon zane ne a jikinta, ƙafafunta sun sha lalle. Ga ƙunshin kaya a gefenta, majanyin saƙi yana leƙowa ta bakinsa, ga ƙullin yaji da na kanwa na mai jego. Can kuma kwanon tuwo ne a rufe, ba a taɓa shi ba.

"Ba ki ci abinci ba?"

"Na ce kada mota ta juya mani ciki in ɓata maka kujera."

Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kaka, na yi wauta. Ki yafe mani. In an gama suna zan maida ta wurin Ɗanasabe in karɓo ƙaramar."

Tasalla ta dube shi, ta ga idonsa ya kawo ruwa. Ta kawar da kai tana gyara ɗaurin kallabinta.

"Kai, tashi, kada ka jiƙa mani tabarma. Yau kuma ni ce Kaka? Sakina ka yi ban sani ba?" Ta kwance wani makulli daga bakin zanenta ta jefa masa. "Buɗe ɗakin can na kusa da rumbu. Bayan injin markaɗena akwai jarka cike da mai. Silinda guda gare shi, bawan Allah, wata biyu yake yi yana lasar ta. Ka ɗauka, ya ba yayarsa sadaka."

Dariya ta kuɓuce wa Sirajo, hawayen ma suka biyo ta.

"Kin ci ni, Amarya. Wallahi kin ci ni."

"Ban gama ba. Bisa kai za ka ɗora ta, ka ratsa mutanen nan da ke waje, kowa ya gani. Kuma baya zan zauna, wurin mai mota. Maza, direba, takwarata na jirana."