Malam Audu a Teburin Mama Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da waccan Litinin ɗin ba, ko da kuwa na so in manta, don ma'aikatan asibitinmu sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba. Ita ce ranar da na shiga wurin aikina da hular sanyi da silifas ɗin banɗaki, ina ganin duk duniya ba wanda ya kai ni wayo.

Asibitin namu ƙarami ne, mai zaman kansa, a cikin Narayi. Ni ba likita ba ne, ba nas ba. Ni ne manaja: ma'aikata, janareta, tankin ruwa, ƙorafin jama'a, duk a kaina suke. Shekara bakwai ina wannan aiki lafiya lau, sai na ce bari in ƙaro ilimi. Na shiga digiri na biyu na kasuwanci, wanda ake kira MBA, ɓangaren tafiyar da asibitoci, karatun Asabar da Lahadi. Zangon farko bai ƙare ba kaina ya kumbura. Duk inda na duba ɓata lokaci nake gani. Har kicin na bi matata na ce mata zirga-zirgar da take yi tsakanin risho da firji ta yi yawa. (Ludayin ta miƙo min, ta ce in nuna mata yadda ake yi a jami'a.)

Wata Asabar malamarmu, wata Dakta mai tabarau wadda ba ta cika dariya ba, ta ba mu aiki. Ta ce kowa ya bi asibitinsa yadda marar lafiya ke bi, daga ƙofa har karɓar magani, ya auna inda lokacin mutane ke tafiya. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce kowa ya yi ɓad da kama ba. Wannan ƙarin daga kwanyata ya fito.

Gaskiyar magana, tun kafin in auna komai na riga na yanke hukunci. Mama Rifkatu ce matsalar. Tsohuwar nas ce, 'yar wajen Kafanchan, ta yi ritaya daga aikin gwamnati muka ɗauke ta kwantiragin shekara-shekara. Ita ke teburin awon jini da zafin jiki, kowa sai ya bi ta wurinta kafin ya ga likita. Kuma Mama ba ta sauri. Sai ta zaunar da mutum, ta tambaye shi daga ina, ya yara, ya ci abinci, sannan ta ɗaura masa abin awo. Layi kuwa har bakin ƙofa. Kwantiraginta zai ƙare a ƙarshen watan, mai asibiti ya ce shawarata zai bi. Na san da wannan aikin take riƙe da gidanta a unguwar Nasarawa tun rasuwar mijinta, amma na ce wa kaina ai aiki aiki ne. Hujja kawai nake nema a rubuce, in sallame ta in kawo mai jini a jika.

Da safe na zaƙulo wata tsohuwar riga da ta koɗe, na sa hular sanyi har gira, na ɗaura takunkumin da ya rage mana tun zamanin korona. Matata ta tsaya ta ƙare min kallo.

"Abban Hanifa, wallahi ko akuyar maƙwabta ta gan ka sai ta gaishe ka."

Na ce mata ba ta san aikin bincike ba. Na watsa farasitamol biyu, don kwanakin nan ƙeyata kullum sai ta sara da safe (karatu ne, in ji ni), na bar mota a gida na tari Keke mai ƙafa uku daga Barnawa.

A get, Baba Ayuba maigadi ya miƙe zumbur, hannunsa ya kama hanyar sarawa, sai ya karkata ya sosa kunne. Ya ce, "Sannu, bawan Allah. Allah ya sawwaƙe." Na ji wani daɗi ya ratsa ni. Mutumin da ke buɗe min get kullum bai gane ni ba! Na zaro ɗan littafina na rubuta lokaci.

Mai ɗakin kati ta tambayi sunana ba tare da ta ɗago kai ba. Na shaƙe murya na ce Malam Audu. Ta ce, "Audu wa?" Kun ga duk shirin nan da na yi, ban tanadi sunan uba ba. Na ce, "Audu... Audu." Ta ciji leɓe ta rubuta.

Na zauna a benci. Ni na sayo bencinan nan shekara uku da suka wuce, har ina alfahari da arhar da na samu, amma ban taɓa ɗora mazaunina a kansu ba sai ranar. Jama'a, ku yafe ni. Fankar da ke saman kaina kuma, wadda na sa hannu cewa an gyara, ko motsi ba ta yi. Ban rubuta waɗannan ba. Idona na kan Mama, ina duba agogo ina rubutawa: minti takwas, minti goma, minti bakwai. A ƙasan shafin na ja layi biyu na rubuta, "Surutu. Ɓata lokaci. A sauya ta."

Can aka kira Malam Audu. Sai da aka kira sau biyu na tuna ni ne.

"Zauna, Malam Audu, ka huta tukuna," in ji Mama. "Me ke damunka?"

Na ce ciki. Ta matso da kujerarta, ta rage murya yadda na baya ba zai ji ba.

"Ko mene ne, yana da magani. Ba kai ne na farko ba. Madam ta sani?"

Ban fahimce ta ba, na dai gyaɗa kai, ina satar duba agogo ina rubuta minti a littafina. Ta ɗaura min abin awo ta matsa. Sai na ga fara'ar fuskarta ta ɗauke. Ta kwance ta koma ɗaya hannun. Ta ce in jingina in yi shiru, ta jira, ta sake aunawa. A raina na ce, ga shi nan, yau na kama ki dumu-dumu, mutum ɗaya awo uku.

"Ƙeyarka tana sara da safe?"

Na tuna farasitamol ɗin da na watsa kafin in fito.

"Kana gani dishi-dishi wani lokaci?"

Wannan ma gaskiya ne, har na fara zargin tabarau nake buƙata. Kafin in ba da amsa ta ɗaga murya ta ce a kawo keken marasa lafiya, maza, a gaya wa likita. Na ga wasa yana neman ya wuce inda na tsara masa. Na miƙe tsaye a gaban mutum wajen talatin, na fizge takunkumi, na tuɓe hula, na ce da ƙarfi:

"Mama, ni ne fa! Manaja ne!"

Na tsaya ina jiran a yi salati, a riƙe baki. Ko tari ba wanda ya yi. Wata tsohuwa a benci ta ce, "To, shi manaja ba ya ciwo ne?"

Mama ta dafa kafaɗata. "Mun sani, ɗana. Tun daga get. Zauna kafin ka faɗi."

Ashe tun ina sauka daga Keke Baba Ayuba ya gane tafiyata, ga kuma biro uku da na jera a aljihun gaba kamar kullum. Da ya ga Oga ya rufe fuska ya zo da sunan aro, sai ya yanke cewa lallai irin ciwon nan ne da namiji ba ya so a ji. Ya zaga ta baya ya gaya wa kowa a rufa wa Oga asiri, kada wanda ya nuna ya gane. Tun daga ɗakin kati har famasi, duk asibitin nan tausayina suke ji. Fayil ɗin da aka kai wa likita ma nawa ne na ma'aikata, da sunana da hotona. Mai shara ta ce har addu'a ta yi min a ɗakin wanki.

Haka aka tura ni a keke, silifas ɗaya ya zame a hanya, ma'aikatan da nake yi wa faɗan makara suna jere suna "Sannu, Oga." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige.

Jinin nawa ya haura ɗari biyu. Kwana biyu na yi a kwance. Likita ya ce da na ci gaba da shan farasitamol ina cewa karatu ne, abin da zai biyo baya shi ne shanyewar ɓarin jiki. Na san wannan ciwon. Shi ya kwantar da mahaifina shekara huɗu, ni nake juya shi a gado. Da matata ta zo ko tsokanar da na zata ba ta yi ba, ta riƙe hannuna tana hawaye.

A rana ta biyu Mama ta shigo da ɗan littafina a hannu. A teburinta ya faɗi. Ta ajiye shi a kan durowa ta zauna.

"A kanka minti tara ka rubuta. Sha ɗaya ne. Ka daina dubawa lokacin da ka tashi yin jawabi."

Na ce, "Mama, don Allah..."

Ta ɗaga hannu. Ta ce mutumin da ya sauko daga Keke cikin rana, gabansa na faɗuwa, in ka auna shi nan take ƙarya abin awon zai faɗa maka, dole ya zauna ya huce. Hirar kuma, ta ce mutane abin da suka shirya daga gida suke gaya wa likita, abin da ke damunsu da gaske a bakin hira yake fitowa. Ta tuna min sau biyu tana tare ni a baranda tana cewa in zo ta auna ni, don ta ga ina yawan murza ƙeya, ni kuma ina cewa ina da mitin.

"Da na gan ka a layi da hular sanyi, na ce Allah na gode maka, ka kawo shi da ƙafarsa." Ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Maganar aiki kuma, in za ka sallame ni, ka sallame ni, Allah ba zai hana ni abinci ba. Amma wadda za ka kawo, ka gaya mata ta riƙa barin mutane su zauna."

Ban san sa'ad da hawaye suka zubo min ba. Na roƙe ta gafara, ta ce ba komai, in dai rage gishiri.

Da na koma ofis na rubuta wa mai asibiti a sabunta kwantiragin Mama, aka sabunta. Karatun nawa ma bai tashi a banza ba: na sa aka ƙara kujeru biyu kusa da teburinta, yadda wasu za su riƙa hutawa tana auna wani, aka kuma ba ta ƙaramar nas tana koya mata. Layin ya ragu, hirar tana nan. An gyara fanka, an yi wa bencina katifa.

Ranar da na ba da labarin a aji, Daktar nan da ba ta dariya sai da ta cire tabarau ta share ido. Ta ce, "Na ce ku bi asibiti kamar marasa lafiya. Kai kaɗai ka ɗauki maganar da gaske."

Yanzu duk Litinin ina bin layi a auna ni, ba hula ba takunkumi. Abin da na koya bai wuce biyu ba: kafin ka rubuta cewa wani yana ɓata lokaci, tambaye shi me yake yi da lokacin, in kuma za ka ɓoye wa mutanen da kake aiki da su, to ka bar bironka a gida. In layi ya zo kaina, Mama takan ɗaga kati ta ƙwala kira yadda har get za a ji, "Malam Audu Audu!" Ni kuma in amsa, in je in zauna, in ba ta minti sha ɗayanta cif. Agogon ma a aljihu nake barinsa.