Daga Tsibiri Zuwa Tsibiri

Abokina, duk faɗin Madarumfa babu wanda ya san jirgin sama kamar ni, Ɗan Azumi Sarkin Gajimare. Ban taɓa shiga ba, gaskiya, amma na taɓa sayar da rake a ƙofar filin jirgin Maraɗi.

Shi ya sa da Hajiya Ladi, uwar Nafisa da nake neman aure, ta aiko kirana, na tafi ina baza kafaɗa. Ɗanta Mubarak, da ya daɗe yana aiki a ƙasar waje, ya turo murya ta salula: "Inna, a yi addu'a. Yau zan hau jirgi daga wannan tsibiri zuwa wancan tsibiri, minti arba'in ne."

"Kai da ka san jirgi, ina ne nan?" in ji Hajiya.

Na yi dariyar manya. "Hajiya, Tsibiri biyu ne a duniya, na wajen Dogon Dutsi da namu na Gobir, nan bayan Maraɗi. Ɗanki ya shigo ƙasa, mamaki yake son ba ki!"

"Minti arba'in kuma? Mota wuni take yi."

"Ai sama babu ramuka, babu jandarma."

Guɗa ta tashi. Kafin in ɗaura takalmi an kayar da ragon da Hajiya ke kiwo don Layya, maƙwabta sun cika gida. Na ari moto, wato babur, na fyalla Tsibiri tarbo shi.

A Tsibiri na tarar da wani dattijo ƙarƙashin ɗalbejiya. "Baba, ina filin jirginku?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, tun ina goye balbela kaɗai na ga tana sauka garin nan."

Na zaro salula. Na kira Mubarak. "Yaya, na iso Tsibiri, ban gan ka ba."

"Ni ma na sauka. Wane tsibirin kake?"

"Na Gobir mana!"

Sai ya fashe da dariya har da tari. "Kai, shugaban sakarkaru! Tsibiri ƙasa ce a tsakiyar teku, ruwa ta ko'ina. Ba a koya maka a lakwal ba?"

"Wataƙila ranar na je kamun kifi a tabki," na ce.

Na dawo a hankali, kamar moton ma kunya yake ji. Na tarar an cinye ragon, saura ƙafafu. Mubarak ya riga ya sanar da gida, Nafisa ta kife a kan tabarma tana dariya.

Na durƙusa. "Hajiya, to maganarmu da Nafisa fa?"

Ta lashe yatsa, ta ce, "Tana nan, Sarkin Gajimare. Kai tsibiri, ita tsibiri. Sai dai ku, babu jirgi tsakaninku."