Farantin Goron Dokta Abduljalil

Duk Zongon Wagadugu babu mai ilimin lafiya kamar Abduljalil, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka. Bai yi makarantar likita ba, amma ya taɓa faɗowa daga kan babur ya karye a ƙafa, ya kwanta asibiti. Can ya samo digirinsa. Ya fito da sanda, da takardar sayen ƙwayar rage zafin ciwo ta tiramadol, da sunan Dokta.

Ƙafa ta warke, magani bai ƙare ba, domin Dokta bai bari ya ƙare ba. Likita ya ce ya daina, shi kuwa ya gano cewa likitan yaro ne.

Jikan fataken goro ne, ba ya cin abu shi kaɗai. A farantin da kakansa ke tarbar baƙi da goro, nan yake zuba ƙwayoyin. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ɓare ɗaya gida biyu, ya miƙa masa rabi.

"Karɓi, ɗan'uwa," in ji shi. "Ciwon baya, gajiya, ɓacin rai, duk abu guda ne a kimiyyance."

Kalla direba kaɗai ke ƙi, wai yana da tuƙi zuwa Yamai. Dokta ya sa masa suna Baƙauye.

Alamomin girma suka bayyana a jikin Dokta. Yana soshe-soshe, ya ce jini ne ke gudu. Yana gyangyaɗi a tsakar zance, ya ce nazari ne. Ya daɗe rabonsa da bayan gida, ya ce babban mutum ba ya gaggawa. Matarsa Hadizatu ta ɓoye farantin, sai ya kama rawar jiki da zufa har ta fiddo shi.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Zongo. Abokin takararsa Kalla ne. Ranar zaɓe, Dokta ya karrama magoya bayansa, kowa ƙwaya sukutum babu ɓari, shi kuma ya ninka nasa don murya ta fita.

"Jama'a," ya fara, "ni ne garkuwar lafiyar wannan ungu..."

Ya zauna. Ya ci gaba da nazari. Da aka ce masu son Dokta su ɗaga hannu, magoya bayansa na nazari su ma. Hadizatu ce ta lura numfashinsa na ja da baya, leɓɓansa sun canza launi. Ta yi kururuwa. Sabon shugaba Kalla ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti.

Da ya farfaɗo, bai tambayi wanda ya kawo shi ba.

"Hadizatu, jawabina ya ratsa su?"

"Ƙwarai, maigida," ta ce. "Duk wanda ke farke sai da ya yi salati."