Yadda Ake Wuce Kaka Mai Kunnen Kifin Teku

La'asar ta yi sakaliya, hadari ya haɗo ta gabas ya ƙi zubowa, fasinja sun ɗauke ƙafa. Bari in koya maka abin da zai amfane ka. In ka bi matakan nan, za ka dawo daga gidan kallo ka wuce kakanka makaho a zaure bai sani ba. Ni Harisu na lamunce maka.

Tun da aka ƙaddamar da shari'a babanmu, Alhaji Lawal, ya ce kallo ba na ɗan mutunci ba ne. Ya rantse in na ƙara zuwa zai karɓe makullin babur ɗin da nake acaɓa da shi. Mai ba shi labari kuwa mahaifinsa ne, Baba Kalilu, wanda ke wuni a zaure, kuma bai iya ƙarya ba.

1. Ka san da wa kake yi

Ranar nan a gidan kallo, bayan shagon Okey mai kayan gyara, iska ta juya farantin tauraron ɗan Adam, ƙwallo ta ɓace a talabijin, sai ga wani ƙaton kifin teku wai shi wel. Okey na fassara mana. Ya ce can ƙasan ruwa duhu ne, ido ba ya aiki. Sai kifin ya yi ƙas-ƙas da goshinsa, ƙarar ta je ta daki abu ta dawo, ya karɓe ta da muƙamuƙi, ya san girman abin da nisansa. Jama'a na ihu a mayar da ƙwallo, ni kuwa Baba ya faɗo min a rai. Dama na daɗe ina mamakin abin da ya sa Baba ke ɗora haɓa a kan sanda.

2. Ka kashe babur tun daga nesa

Okey ya ce kifin nan na jin kiran ɗan uwansa daga nisan da ya fi Daura zuwa Kano. Don haka ka kashe inji tun daga bakin rijiyar burtsatse, ka turo shi a hankali. Na yi haka. Ina isowa Baba ya ce, "Ja'iri, mai ne ya ƙare, ko kunyata kake ji?" Kai ka fara turowa tun daga garin Sandamu.

3. Kada ka manne da bango

Na gwada, har numfashi na riƙe. Tsohon ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya saurara, ya ce, "Yau zauren nan ya ƙanƙance. Bangonmu ya yi ciki ne?" Mai ƙiba ya tsallake wannan matakin.

4. Ka kula da hanci

An ce irin kifin nan mai haƙora ba ya jin wari sosai. Nan ne kamanninsu suka rabu. Baba na rarrabe hayaƙin janareton Okey da na sauran gari. Ka biya wajen mai tsire ka tsaya ta inda hayaƙi ke bi, ko ba za ka saya ba.

5. Ka jira injin niƙa

Ga asirin, ka buɗe kunne. Ƙarar manyan jiragen ruwa na rikita kifin nan har ya rasa hanya. Mu ba mu da jirgi, muna da injin niƙan Adama maƙwabciyarmu. Ranar Laraba na jira ta tayar da shi, na cire takalmi, na shiga da sanɗa. Wallahi ya yi aiki. Na wuce tabarmarsa, na wuce butarsa, saura taku biyu in shige soron ciki.

Sai ya yi atishawa, ya ce, "Alhamdulillahi."

Na ce, "Yarhamukallah."

Ya ce, "Madalla da ɗan tarbiyya. Wa ya ci wasan?"

6. Ka miƙa makulli da hannu biyu

Bayan Magariba Alhaji zai tambaya, tsoho zai faɗa, kai kuma ka durƙusa. Kada ka kawo zancen kifi. Na kawo, bai taimaka ba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya koma tafiya a ƙasa, babu ruwana, babu ruwan Okey, balle kifin da bai ma san da Daura ba. Ni kaina kwana biyu na yi ina kallon babur a jingine.

Ranar Juma'a Alhaji ya fito zai kai Baba masallaci. Tsoho ya ƙi tashi. Ya ce, "Lawal, tuƙinka tayar min da zuciya yake yi. Ba yaron nan makullinsa ya riƙa kai ni."

Alhaji ya laluba aljihu, ya miƙo min makullin.

Muna kan hanya na buɗe baki zan yi magana, Baba ya dungure min ƙeya ya ce, "Dubi gabanka. Kuma tayar baya ba iska."