Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Dubai

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan a unguwar Al Karama ba, ko da zan so in manta. Shekara goma sha biyar ina zuwa Dubai saro takalma, kullum a Al Ras nake sauka, ɗaki ɗaya mu shida, ba mai tambayarka ko ɗan gidan uban wa ne. To bana sai ido ya matsa wa surukina, aka ce a kai shi asibiti a can. Matata Hadiza ta ce, "Kai ka san gari, kai za ka kai Baba." Na ce to.

Dattijo kamar wannan ba a kai shi ɗakin 'yan kaya. Na kama fulat na kwana goma, irin wanda ake haya ta waya. Ejan da ke ba da hayar ya ce doka ce, duk wanda zai kwana a gidan sai an yi masa rajista da sunan da ke fasfo, kuma in turo hoton fasfon. Nawa na tura nan take. Na Baba kuwa, wa zai je gaban surukinsa ya ce ba ni fasfonka? Shekara ashirin da biyu ko ido ba mu haɗawa. In ya shigo ta ƙofa, ni na bi ta baya. Sai na ce wa ejan ya rubuta suna kawai, hoto sai mun iso.

Sunan kuma ban ma yi shawara ba. A takardun matata Hadiza Sani ne. Na rubuta Alhaji Sani, na kwanta da hankalina. (Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ranar har jin kaina nake kamar lauya.)

Muka iso da azahar. A ƙasan benen akwai tebur, wani Basudane na zaune da kwamfuta. Ya karɓi fasfo biyu, ya duba nawa ya ajiye. Ya buɗe na Baba, ya dubi kwamfuta, ya sake duban fasfo, sai ya rufe shi ya ɗora hannu a kai.

"Habibi, wannan wane ne?"

Na ce surukina ne, da guntun Larabcina na kasuwa.

"Surukinka? Yaya sunansa?"

Na rage murya kamar mai gulma, na ce, "Sani."

Ya ce, "Ba shi ba ne. Mutanenku haka suke, su kama gida su riƙa zuba baƙi suna cewa 'yan'uwa ne. Wanda aka yi wa rajista ne kawai zai hau. Khalas, shi ke nan."

Abin da na manta shi ne Baba malami ne, Larabcinsa ya fi na Basudanen tsabta. Idonsa ne ba ya gani sosai, kunne lafiya lau. Ya juyo a hankali ya ce, "Wa ka ce?"

Na ce, "Baba, ai abin da ke takardar Hadiza ne."

Ya ce, "Sani ƙanena ne. Shi ya kai ta firamare ya rubuta sunansa. Shekara ashirin da biyu, a zatonka 'yar Sani kake aure?"

Wallahi da ƙasan nan ba tayil ba ne da na tona na shige.

Basudanen ya ga abin ya zama kallo, sai ya juya ga Baba ya ce to shi ya san sunana? A raina na ce alhamdulillahi, yanzu za mu yi kunnen doki. Ina! Baba ya gyara sanda ya faɗi sunana, da na mahaifina, da na kakana, da unguwarmu, har da lungun. Ya ƙara da cewa kafin ya ba ni 'yarsa wata uku ya yi yana bincike a kaina. Basudanen ya yi dariya har da buga tebur.

Amma dariya ba ta buɗe lif. Ya ce sai ejan ya gyara rajistar, in kira shi in faɗa masa sunan. Ga dattijo ƙafa ta kumbura daga jirgi, bai yi salla ba, gobe da safe kuma likita. Na kira ejan na ce zan tura hoto. Ejan ya ce yana tuƙi, in faɗa da baki yanzu abokin aikinsa ya shigar, in ba haka ba sai yamma. Basudanen ya buɗe min fasfon, ya ce, "Yalla."

Na juya wa Baba baya, na rufe baki da hannu na ce, "Zakariya'u."

Daga bayana na ji, "Na'am."

Ejan ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya. "Zakariya'u!"

"Na'am."

Sau huɗu na faɗa, sau huɗu yana amsawa, in na saci kallonsa, fuskarsa ba ko alamar murmushi. Na huɗun har wasu Indiyawa masu jiran lif suka waiwayo.

Aka gyara rajistar, muka hau sama. An yi aikin ido lafiya, alhamdulillahi. Da aka cire bandeji ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe haka kake." Ban tambaye shi me yake nufi ba.

Kafin mu sauka Kano labari ya riga mu. Baba Sani da kansa ya zo tarba, yana cewa ina surukinsa na takarda. Hadiza kuwa ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata sunan mahaifiyarta. Na ce ruwan wanka nake so.

Darasin da na koya ɗaya ne. Kunya abu ne mai kyau, amma ba ta da gurbi a fom ɗin mutanen Dubai. In za ka kai surukinka waje, ka aika matarka ta ɗauko maka hoton fasfonsa tun a gida, ka shiga ɗaki ka kulle, ka haddace sunan kai kaɗai, inda ba mai amsa maka.