Ranar Da Na Kashe Gobara A Ƙasar Fur

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a ƙasar Fur ba, ko da zan manta sunayen jikokina (kuma na fara). Tun Nasara ba su shigo ƙasarmu ba, ni da mijina Malam muka bar garinmu Korgom da jaki ɗaya, za mu Makka a ƙasa. Muna cikin wata na goma sha ɗaya guzuri ya ƙare, ayari ya wuce ya bar mu a wani gari. Malam ya samu aikin gona wurin wani mutum, shi kuma ya ba mu bukka a gefen gidansa.

Malam ya fita tun da sassafe, ni in wuni da jaki. Duk garin babu mai jin Hausa. Har hira nake yi wa jakin nan, ina ba shi labarin kasuwar Tasawa da wadda ta fi kowa iya dakan fura a unguwarmu. Kewa ta ci ni ƙwarai. In Malam ya dawo na fara zuba, sai ya ce, "Ke dai ki yi haƙuri, mun kusa tahiya."

Matar gidan doguwa ce, ba ta da yawan fara'a. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar ta kula ni. Kullum sai in share mata tsakar gida ba ta sa ni ba. Ranar da ta ɗaga mini kai, kwana uku na yi ina jin daɗi.

To, ran nan na zagaya bayan ɗakinta da tsintsiya, sai na gan ta zaune a ƙasa, lulluɓe da baƙin bargo har wuya, hayaƙi na fita ta ko'ina. Ido a rufe, gumi na zuba, ba ta ko motsi. Ni da na ga yadda wuta ta kama zanen gwaggona a bakin murhu, ina zan tsaya tambaya? Na sunkuci tulun gidan (ruwan wuni guda, da aka ɗebo daga rijiya mai nisan gaske) na sheƙa mata tun daga ka. Na fizge bargon kuma, don aikina ya cika.

Babu ko zane a jikinta, sai mai da ta shafa. A ƙarƙashinta wani ɗan rami ne da itace mai ƙanshi yana ci a hankali. Ashe haka matan aure suke turara jiki a can. Mu dai turare a kasko muka sani. Ihunta ya tara maƙwabta, suka same ni tsaye riƙe da bargon mutane, ina cewa "sannu, sannu" da harshen da ba mai ji.

Kwana uku ban leƙa waje ba. Malam ya yi dariya har da tari, sannan ya tuna in aka kore mu babu inda za mu. Ni ba korar ce ta dame ni ba. Mutum ɗaya nake nema a garin, ita na jiƙa.

A rana ta huɗu sai ga ta a bakin bukka. Ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗaki, ta shafe ni da mai, ta zaunar da ni a kan ramin, ta lulluɓe ni. Sannan ta ɗauko tulu ta ajiye a gabana, ta nuna shi, ta girgiza yatsa. Rabon da wata mace ta taɓa jikina tun Korgom. Na yi ta kuka, na bar ta tana zaton hayaƙi ne.

Malam ya dawo ya shinshina, ya ce, "Mi kinka ƙona kuma?"

Bayan kwana goma wani ayari ya zo muka bi shi. Har yau ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba. Yanzu in na ga hayaƙi a gidan mutane, sai na shinshina kafin in taɓa tulu. Amma da ban sheƙa ruwan nan ba, da jaki kaɗai zan yi wa sallama a garin.