Rasuwar Uwar Shida a Garejin Dalyop

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Fatihu, mai gadin wani sito a garin Sterling, nan ƙasar waje, nake sanar da 'yan uwa rasuwar libarbata, wato bindigar aikina, wadda aka fi sani da Uwar Shida. Ta cika ranar Asabar a garejin aminina Dalyop, a hannunsa kuma.

Marigayiyar ta zo hannuna a 2006 daga Malam Almu, dattijon da ya sauke ni a falonsa wata takwas lokacin da na iso ƙasar nan, ya kuma samo mini aikin gadi. Da ciwo ya kayar da shi, sai da ya ga an mayar da takardunta da sunana kafin ya koma Kano, inda Allah ya karɓi abinsa. Shekara goma sha tara ya yi yana ɗora babban yatsansa wuri guda a bayanta, har baƙin ƙarfen ya koɗe ya yi fari. Kullum na ɗaura ta, nan nake fara sa nawa yatsan. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, wannan farin tabon shi ne abin da ya bar mini.

Baiwar Allah ce marar hayaniya. Ba ta taɓa zubar da jinin kowa ba. Sau ɗaya take buɗe baki a shekara, ranar jarrabawar sabunta lasisi, sauran kwanakin sai dai in an juya cikinta ta ce ƙyas, ƙyas, ƙyas, ta yi shiru.

Ciwon ajalinta tsatsa ce 'yar kaɗan, wadda gumin bazara ya jawo. Uwargida Furera ta ce in kai ta wurin maƙerin bindiga mai lasisi. Na ce ina da ɗan gida, me zai kai ni wurin bare? Dalyop mutumin Jos ne, yana fesa wa ƙafafun mota fenti, tuwonmu ɗaya shekara goma. Ya ce akwai wani shafi da ake gasawa a jikin ƙarfe, tsatsa ba ta ƙara kusantarsa. Sau uku na nuna masa wurin yatsan Malam na ce kada ya taɓa. Sau uku ya ce haba, in bar masa komai.

Ya bi ta da injin feshin yashi tun daga baki har gindi, ya fesa, ya gasa. Ya miƙo mini ita sumul, launin ƙasa, kamar kayan wasan yara. Babu tabon Malam. Babu lambar da ke jikinta, wai ya ga ta yi ƙazanta ne ya goge. Bindigar da ba lamba kuwa, ajiye ta ma laifi ne a dokar ƙasar nan. Ya ƙi karɓar ko sisi, yana ta murmushi yana jiran yabo. Ni kuma, da bakin nan nawa, na ce masa na gode. Wallahi an ci amanata, kuma wannan godiyar ta fi komai yi mini ciwo.

Ta rasu ta bar 'ya'ya shida, harsasai a kwali, da kube na fata wanda har yanzu yake riƙe da siffarta, da kwalbar mai da ba ta kai rabi ba.

Za a kai ta ofishin 'yan sanda ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, su ne za su narkar da ita. Ba za a yi mata wanka ba, Dalyop ya riga ya yi. Zaman makoki a gidana bayan La'asar, shi ma ba a hana shi zuwa ba. Roƙo ɗaya iyalai ke yi: duk wanda ya ga gawar, don Allah kada ya ce ta yi kyau.